Hannun Daman Sani

Paris

Na yi sallar asuba a ɗakina a Montreuil, na saɓa jaka na gangara metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, tun gari bai waye ba. Hajiya Rabi ce ta tashe ni wannan tafiya, matar abokina Sani. Ta bugo waya ta ce, "Malam Habibu, ka zo. Sani da ɗansa Karim ba sa ga-maciji, kai kaɗai yake saurare."

Ɗaki ɗaya muka zauna da Sani a Lyon muna ɗalibai, ni daga Maraɗi, shi Ba'adare daga Tahoua. Da muka gama na kama aiki a kantin magani, shi kuwa ya bi masu kwance bama-bamai zuwa kudancin Labanon bayan yaƙi. Can ya baro hannunsa na dama.

A tasha sojoji na ta sintiri. Aka duba tikitina, na samu kujera jikin taga. Awa biyu jirgin ya yi yana keta gonaki da fararen shanu. A zamaninmu mota muke bi saboda araha, mu wuni a hanya muna yagar kilishi, Sani na rantsuwa shanun nan ko rabin na Adar ba su kai ba.

Lyon

Ban zarce gidan Sani ba, sai da na leƙa tsohuwar unguwarmu, Guillotière. Kantin da muke sayen busasshiyar kuɓewa ya koma na gyaran waya. Na tsaya a bakin gada ina kallon kogi, nan muke zama ranar Lahadi muna tsara yadda za mu gyara Nijar. Daga nan na hau bas zuwa Saint-Fons, inda su Sani ke zaune. Hayaƙin masana'antu da warinsu ne kaɗai na tarar yadda na bar su.

Saint-Fons

Sani ya rungume ni da hannu guda. Muka gaisa har gaisuwa ta ƙare, sannan Karim ya fito, dogo kamar ubansa. Ya gama karatun injiniya, wani kamfanin ƙera makamai ya ba shi aiki.

"Tonton," in ji shi, wato kawu da Faransanci, "kamfanin ba ya ƙera bam mai 'ya'ya, Faransa ta sa hannu an haramta shi. Laifina kawai na ce ƙasar da aka mamaye tana da ikon kare kanta da duk abin da ta samu."

Sani bai dube shi ba, ni ya duba. "Habibu, ka san yadda abin yake? A sama yake buɗewa, ya watsa ƙanana kamar mai shuka gero. Wasu su fashe, wasu su kwanta suna jira."

Sannan ya ba da labarin da ko ni ban taɓa ji ba. Wata tsohuwa ce ta riƙa zuwa sansaninsu kullum, tana roƙon a share mata gonar zaitun kafin 'ya'yan su zube. Mijinta ya gaji da jira ya shiga, gawarsa aka fito da ita. Sani ya karɓi gonar. Ya share ƙasa tsaf, ashe ɗaya na rataye a reshe, ganye ya rufe shi. Shi ne ya ɗauke masa hannu.

"Wanda ya jefa shi ya daɗe da komawa gida wajen iyalinsa," in ji Sani. "Ban ce kada ƙasa ta kare kanta ba. Amma in an gama, wa zai shiga gonar?"

Karim ya sunkuyar da kai.

Hajiya Rabi ta kawo tuwo da miyar kuɓewa a babban kwano. Sai na ga Sani ya ɗebi nasa a faranti zai shige ɗaki. Ta raɗa mini cewa tun da ya dawo bai ci abinci gaban kowa ba, kunyar ci da hagu yake ji.

Na ce, "Ba'adare, kai da kake cinye mini rabona a kwano ɗaya?"

Ya yi murmushi, bai tsaya ba. Karim ne ya miƙe ya karɓi farantin, ya juye tuwon cikin kwano. "Baba, zauna."

Sani ya daɗe a tsaye. Daga baya ya zauna ya yi bisimilla, muka sa hannu mu uku.

Komawa

Washegari da la'asar Karim ya kai ni tasha a motarsa. Ya ce, "Aikin zan karɓa, Tonton. Amma waccan maganar na janye ta."

"Ni za ka gaya wa?"

"Na gaya masa da safe. Bai ce komai ba, shayi ya zuba mini."

Na iso Montreuil ana shirin sallar isha'i. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa Hajiya Rabi da gidanta. Ku kuma na gida, in kun ɗaga hannu ku sa tsohuwar nan mai zaitun a addu'a. Na tambayi Sani labarinta, ya ce da aka gama share gonar ta aiko masa da kwalbar man zaitun har asibiti.