Na Raka Surukata Maiduguri Koyon Kaɗa Ƙararrawa

Wannan tafiya mun yi ta ne a shekarar da aka juya hannun mota, bayan an gama yaƙi da shekara biyu, kuɗi kuma ba a canza shi ba tukuna, muna nan da sulenmu da fam. Ni ban yi boko ba, da baki nake faɗa ana rubutawa, amma duk wanda ya san ni a Mubi ya san ba na haɗa shekara da shekara.

Ƙungiyarmu ta girmi tafiyar nan nesa ba kusa ba. Mun kafa ta ne bayan ƙuri'a ta biyu, wadda aka bar mu mata muka jefa, muka zaɓi zama a Nijeriya. Aikinmu ɗaya ne. Majinyacin da aka sauko da shi daga dutse, ko aka ƙetaro da shi daga Kamaru, ba shi da kowa a gari, mu ne danginsa. Mu dama masa kunu, mu wanke masa zane a mayo, wato koginmu, in rai ya yi halinsa mu nemo masu binne shi. Matan coci da matan masallaci, Gude da Fali da Higi da Fulani, tukunyarmu ɗaya. Ni ce shugaba tun ranar farko, kuma ba wanda ya zaunar da ni ya koya mini.

Kwatsam sai ga saƙo daga babbar ƙungiyar da muke ƙarƙashinta a Maiduguri. Wai kowane reshe ya zaɓi sabuwar shugaba mai iya karatu, ta zo kwas, ta koma da takardar shaida. Reshen da bai samu takarda ba za a soke sunansa, asibiti kuwa ba a barin kowa ya shiga da abinci sai ƙungiya mai rajista. Kun ji inda suka kama mu. Mata suka taru suka zaɓi Rifkatu, matar ɗana Yohanna, 'yar Michika, don ita ta gama firamare. Suka ce mini, "Dada, ai kujerar ba ta bar gidanki ba." Na ce na ji. Yohanna ya ce matarsa ba za ta yi wannan nisa ita kaɗai ba, sai na ɗaura ɗamara na ce ni zan raka ta, in ga wannan shugabanci da ake sayarwa a Barno.

Daga Mubi zuwa Michika

Zakara bai yi cara ta biyu ba muka fito daga Sabon Layi, Rifkatu na ɗauke da ƙunshina a ka, nata a hannu. A tasha muka sami motar katako ta wani Usumanu, cike da buhunan gyaɗa. Ya ce baya sule kaza, gaba sule kaza. Na ce gaba zan zauna, ban haifi ɗa mai aikin albashi don in hau buhu ba. Rifkatu ta ƙi zama kusa da ni, ta haye baya. Tarbiyya ke nan.

An ce mana asuba za a tashi. Sai da rana ta bugi duwatsu muka bar gari. Muna kama hanyar Mararraba na ga Usumanu yana bin hagu.

"Malam, ba an ce a koma dama ba?"

"Dada, gwamnati ta ce dama, rami ya ce hagu. Wanne ne zai karya mini mota?"

Da gaskiyarsa. Hanyar da ba ta wuce faɗin tabarma biyu ba, wai an raba mata hannu.

A Uba muka tsaya ya sha shayi kamar ba mu da inda za mu. Mun wuce Bazza da kaɗan taya ta fashe, muka zauna gindin tsamiya har azahar ta gota. Da la'asar muka shiga Michika, Usumanu ya ce nan za a kwana.

Gidan iyayen Rifkatu muka sauka. Aka yanka mini kaza, aka yi tuwon dawa da miyar gyaɗa mai yakuwa, ba laifi, ko da yake gishiri ya ɗan yi musu yawa. Mahaifinta, Baba Tumba, dattijon coci ne mai kaifin ido. Da ya ji abin da ke kai mu Maiduguri sai ya ajiye lomarsa, ya sa aka kira ta. Ta durƙusa can bakin zaure.

"Kujerar uwar mijinki za ki hau?"

"Mata ne suka zaɓa, Baba."

"To ki ji ni. In na ji an ce kin ɗaga murya a kanta, ko kin tsaya tana zaune kina yi mata umarni, kada ki sake tako gidan nan. Ban haifi mai kunyata ni ba."

Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, kwas ne kawai. Ashe ban san me ke jiranmu ba.

Gwoza, Bama

Washegari muka yi sammako na gaske. Gulak, Madagali, duwatsu na binmu ta hannun dama kamar ba mu bar gida ba. Kafin Gwoza muka tarar da shinge, sojoji sun gitta ganga da sanda. Wani yaro da bai kai ɗan autana ba ya leƙo.

"Mama, ina zuwa?"

"Makaranta."

Ya yi dariya. "Ke?"

"Ita," na nuna baya. "Za a koya mata zama a kujera."

Ya ɗaga sanda muka wuce.

Daga Pulka ƙasa ta baje, ba dutse ba tudu, ido ya rasa inda zai jingina. A Bama na ga kogi ya zama yashi zalla, Usumanu ya ce ai mayonmu ne na Mubi ya iso nan. Na ce lalle, duk abin da ya zo ƙasar nan sai ya bushe. Na sayi bandar kifi na sisi, muka ci, ni a gaban mota, ita a bayan taya inda ba zan gan ta tana tauna ba. Bayan Konduga kwalta ta yi kyau, kafin magariba muka shiga Maiduguri.

Maiduguri

Gari ne babba, wannan ba zan hana su ba. Itacen dogon yaro a jere, mata na jan zane a ƙasa, turare kamar an fasa kwalba. An sauke mu a wata makarantar 'yan mata da ke hutu. Gado a kan gado, kamar akurkin kaji. Aka kawo burodi da kifin gwangwani da shayi tsararo, wai shi ne abincin dare na shugabanni.

Da safe aka tara su a zaure, sababbin shugabanni daga Yola, Bauchi, Gombe, Biu, Potiskum, kowa da jakar hannu. Mu 'yan rakiya aka ba mu benci a baya. Mai koyarwa wata ce da ake kira Misis Audu, doguwa, da tabarau, an ce har Ingila ta je ta koyo yadda ake taro.

Bari in faɗa muku abin da aka kwaso mu daga Mubi don a koya. An koya musu yadda ake tsayawa ba a jingina da tebur. An koya musu cewa kafin a fara magana sai an karanto maganar da aka yi wancan wata, kowa ya yarda cewa lalle shi ya faɗa. An koya musu cewa in mace ta kawo shawara, ba shawara ba ce sai wata ta miƙe ta ce ta goyi baya, ko da kowa ya gyaɗa kai. An koya musu rataya wata sarƙa mai faranti a wuya. Yini guda cur, ban ji an ambaci majinyaci ba, ban ji an ce ga yadda ake ɗaga mai gyambo ba a fama masa ba.

Da la'asar Misis Audu ta fito da 'yar ƙararrawa ta ɗora a tebur.

"Wannan ita ce shugaba," in ji ta. "Memba ta wuce lokacinta, ki kaɗa. In ba ta zauna ba, ki kira sunanta ki ce ta zauna. Gobe kowacce za ta gwada a gabana. Wadda ta kasa, ba takarda." Sai ta hango ni. "Mama, an ce ke ce shugaba mai barin gado ta Mubi. Madalla. Babbar matsalar sabuwar shugaba ita ce tsohuwar shugaba. Gobe ke za ki yi mata membar da ba ta jin bari."

Wata 'yar Yola ta ɗaga hannu. "Ranki ya daɗe, uwar mijinta ce fa."

"A cikin taro babu uwar miji. Memba ce kawai."

Ku ji fa. Yarinyar da shekara tara tana gidana ba ta taɓa faɗin sunana ba, ko wata mai irin sunan ta zo sai ta ce "mai sunan Mama". Ita za a ce ta yi mini ƙararrawa kamar jakin fatake, a gaban matan garuruwa.

Da muka koma masauki ta kawo mini ruwan wanka, ta durƙusa.

"Mama, mu koma gida. A zaɓi wata."

"Wa za a zaɓa? Kwas ɗin sau ɗaya ake yi a shekara."

Raina a ɓace yake, ban ce ta yi ba, ban ce kada ta yi ba.

Ranar gwaji

Aka yi ta Bauchi, aka yi ta Biu, kowacce ta kaɗa wa ƙawarta suna dariya. Aka kira Mubi. Rifkatu ta tsaya bayan tebur, sarƙa a wuya, idonta a ƙasa. Misis Audu ta ce in tashi in yi magana a kan duk abin da na ga dama, kada in tsaya.

Wannan kam ba sai an roƙe ni ba. Na gyara mayafi na fara. Na ba su labarin shekarar amai da gudawa, yadda muka jera tukwane a bakin asibiti muna dafa ruwa. Na ba su labarin matar da aka sauko da ita daga Vimtim a kan ƙyauren ɗaki. Misis Audu ta dubi agogonta, ta dubi Rifkatu. Na ci gaba. Ta yi gyaran murya. Rifkatu ta kai hannu kan ƙararrawa, ta janye. Hawaye ya sauko mata har kan farantin sarƙar. Zaure ya yi tsit, sai muryata.

"Shugabar Mubi," in ji Misis Audu, "ina jiranki. Ba zan sake faɗa ba." Ta cire murfin alƙalaminta.

A lokacin akwai wani tsoho Bafali kwance a asibitin Mubi da karyayyen ƙugu, ba ya shan kunun kowa sai namu. Shi ya faɗo mini a rai. Ban sauke murya ba, ban canza fuska ba, ina kallon Misis Audu kamar labarin nake ci gaba da ba ta, sai na juya harshe zuwa Gude. Duk zauren nan ba mai jin Gude sai ni da yarinyar da ta koye shi a gindin murhuna. Na ce mata, ke matar Yohanna, kunnenki ya toshe ne? Aikenki nake yi. Ɗauki abin nan ki kaɗa, yanzu, kada in maimaita.

Ta ɗauka ta kaɗa. Ba ta gama kaɗawa ba na zauna daram, don kada a kai ga kiran suna.

Zaure ya ɗauki tafi. Ni ake wa tafin, an rufe mini baki. Na ji wata a bayana tana cewa, "Ikon Allah, yaran Mubi ba kunya." Na haɗiye, ban waiwaya ba. Misis Audu ta zagayo ta dafa kafaɗar Rifkatu.

"Kun gani? Tsohuwa har ta koma yarensu don ta tsorata ta, amma ba ta ji tsoro ba. Wannan ita ce shugaba."

Ingila ke nan.

Komawa

Aka ba Rifkatu takarda da 'yar ƙararrawarta. Muka sami wata mota mai ɗaukar gishiri, muka kwana a Bama, sauro ya yi mana sallama ta musamman. Tun daga Maiduguri har Madagali Rifkatu ba ta ɗago ido ba.

A Michika na ce direba ya jira. Irin wannan labari ba a barinsa ya riga mutum isa, matan Yola kuwa ta hanyar nan za su bi. Na shiga na sami Baba Tumba yana gyaran fartanya.

"Za ka ji an ce 'yarka ta kaɗa mini ƙararrawa a gaban jama'a. Gaskiya ne."

Ya miƙe tsaye.

"Zauna. Ni na sa ta. Da ta ƙi, da yau ka ga ƙunshinta a ƙofarka."

Ya koma ya zauna. Sannan ya ce, "In ke kika sa ta, to." Ya sa aka kamo mini zakara.

Mun iso Mubi da la'asar sakaliya, mata sun cika tsakar gida. Washegari Rifkatu ta shiga gaba da takarda, ni ina biye da ƙwaryar kunu, mai gadin asibiti ya buɗe mana ƙofa. Tsohon nan ya sha, ya tambaya ina muka shiga kwana biyu. Mun gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu, mun gode wa mutanen Michika da suka karɓe mu.

Usumanu direba ya rasu tun kafin a ba mu jihar Adamawa. Baba Tumba ya rasu, Yohanna ma ya riga ni. Misis Audu ban sake jin ɗuriyarta ba. Cikin matan da muka kafa ƙungiya saura ni da Hajja Dudu ta Kolere, ita ma ido ya tafi. Rifkatu tana nan, furfura ta gama mata kai, surukai uku gare ta. Takardar na rataye a ɗakinta cikin gilashi, masu karatu in sun zo sai su karanta, su ce lalle mace ce mai ƙarfin hali. Ni da na haifi mijinta na san aikenta na yi, ta je.