Gwajin Bututu

Sunansa na yanka ya daɗe da ɓacewa a kwalejin fasaha. Baba Bututu kowa ke ce masa, har shugaban sashe. Shi ke raba ɗaliban shekarar ƙarshe rukuni-rukuni don aikin kammalawa, a ɗakin ƙere-ƙeren nan da ƙaurin walda ya kama bangonsa. Aikin kuwa ba wasa ba ne: in injin rukuni bai tashi ba, kowa a cikinsa sai ya maimaita shekara.

Sauran malamai kan bar yara su zaɓi abokansu. Shi kam ya ce a kai kasuwa, abokai in sun haɗu hira kawai za su ƙera. Ranar farko sai ya nuna musu wani dogon bututun ƙarfe a waje, ya ce su shigo da shi ta ƙofar da ke lungu, shi kuma ya jingina da bango yana kallo. Nan take hali ke fita. Akwai mai ba da umarni hannu a aljihu, akwai mai sa kafaɗa ba magana, akwai kuma mai komawa baya yana duba kada ƙarshen ya fasa taga. Kowane rukuni sai ya ba shi baki guda, ido guda, saura kafaɗu. Baki biyu a rukuni, in ji shi, zakaru biyu ne a akurki ɗaya. Da wannan tsari ya yi furfura, kuma yana alfahari da shi, har ya sa aka kafa doka: rukuni in ya haɗu ba a sauya shi, malami kuma tambaya kawai zai yi, ba ya nuna inda kuskure yake.

Sai ga Auta, 'yar yayarsa, ta iso ajin. Yayar nan, Inna, ita ta riƙe shi tun yana ƙarami, kuma da bakinta ta ce ta danƙa masa amanar yarinyar. Ranar bututu yana kallo Auta ta zagaya baya ta tare ƙarshen da tafin hannunta dab da gilashi. Ido ce, irin wanda ba a samu kullum. Amma bana bakunan sun fi rukunan yawa, dole wani rukuni ya ɗauki biyu. Ya auna abin da za a ce in ya ba 'yar gidansu rukuni mai daɗi, kara ta hana shi. Ya tattara manyan zakarun ajin, biyun da ake wa laƙabi da Ciyaman da Injiniya, ya zuba wa Auta.

Injin niƙa mai feda irin ta keke aka ba su. Tun ba a je ko'ina ba zakarun suka raba aikin biyu don kada wani ya ji umarnin wani. Ciyaman ya ja yaransa gefen taga suna haɗa feda da sarƙa da sandar da za ta juya. Injiniya ya ja nasa bayan ɗaki suna haɗa gangar niƙa da ramin da sandar za ta shiga. Ciyaman da tsohon tef ɗin ubansa yake awo, na inci. Injiniya kuma da milimita.

Auta ta gani. Baba Bututu yana hango ta ta gilashin ofishinsa tana kai da kawo, tana nuna wa wannan, tana nuna wa wancan. Ciyaman ya ce ta je ta ji da zanen injin. Injiniya ya ce in akwai gyara, can gefen taga yake. Abin ya ci wa Baba rai ƙwarai, ya fito ya tambaye su ko sun taɓa gwada haɗa ɓangarorin biyu. Kowane ya ce nasa lafiya lau, sai ɗan'uwansa ya gama. Ya sake tambaya bayan kwanaki, amsar ba ta canja ba. Ya tafi wajen shugaban sashe ya roƙi a raba rukunin. Shugaba ya yi murmushi ya tuna masa wanda ya kawo dokar, ya kuma tambaye shi ko da ba Auta a ciki zai tako. Ya juya ya fita. Ko da ya je gaishe da yayarsa ta tambayi karatun yarinya, sai ya ce sai addu'a.

Ranar gwaji aka jawo ɓangarorin biyu gaban alƙalai. Sandar ta ƙi shiga ramin, ta yi kauri da ɗan abin da bai kai ƙwayar shinkafa ba. Dogo, kafaɗar rukunin, ya ɗauko guduma ya buga, gangar ta tsage. Zakarun suka hau nuna wa juna yatsa, alƙalai suka wuce gaba.

Da aka watse Baba Bututu ya sami Auta zaune a benci, sandar a cinyarta. Ya tsaya yana neman bakin zaren, ita ta riga shi.

"Kawu, na gani fa. Tun makon farko na gani."

"Na sani, Auta."

"To me ya sa ka kai ni inda ba mai ji?"

Ya ce yana tsoron bakin mutane ne. Ta jinjina kai, ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta miƙa masa sandar ta saɓa jakarta.

"Ni zan shiga ɗaki in mun isa gida," ta ce. "Kai za ka gaya wa Inna."