Baba da hanyar cikin waya

Har yau ban san sunan wasan ba. Wata abokiyar aikina a makarantar da nake koyarwa a Tambuwal ce ta tura min shi a waya, ta ce wai mutum ɗaya ne ya zauna ya ƙera shi a wata ƙasa, kuma ba kowa ke buga shi ba. Ina buɗewa na ga dalili. Ba rubutu, ba kiɗa. Wani farin ɗigo kake ja da yatsa cikin lunguna, ƙananan ɗigo na biye da shi, kuna neman ruwa. In wani jan abu ya taɓa ka, ka mutu, sai a mayar da kai farko. Sau biyu na gwada, na yi tsaki na rufe.

Wayar nan na kai wa Baba a Kebbe lokacin da saniya ta taka masa ƙafa ya kwanta a zaure. Don ya riƙa jin rediyo na ba shi. Yadda aka yi ya tono wasan, oho.

Baba bai taɓa ɓata a daji ba. Tun yana saurayi yake kora shanu ta bayan Fakku, kuma abin alfaharinsa ke nan: in ya bi hanya sau ɗaya, ta zauna masa. Yana ganin ɗigon nan ya ce shanu ne, ya shiga kiwo. Ya yi yadda ya saba, ya haddace: dama, dama, hagu, mashaya. In ya mutu ya dawo ya bi dama, sai ya ci karo da bango.

Wata Asabar na je na tarar ya cika ƙasan zauren da zane da tsinke. Ƙafa ta warke, amma Inna ta ce ya ƙi fita, har ya miƙa wa ƙanensa sandar kiwo.

"Ɗiyata, kaina ya lalace," ya ce. "Sau fuɗu nika bin hanya guda, ban gane ta ba. Wanda ya ɓace cikin tafin hannu nai, mi zai yi cikin daji?"

Na karɓi wayar, na ɗauko takarda da biro don in nuna masa abu ne mai sauƙi. Na zana hanya, na mutu, na bi zanena, sai bango. Na juya takardar, na juya wayar. Har na fara tunanin ko ciwon na gado ne. Da abin ya ishe ni na kira abokiyar aikin nan, ta yi ta dariya. Wai ai haka aka yi shi, duk mutuwa sai a zubar da hanyoyin a jera sababbi. Raina ya ɓaci. Wane irin marar aikin yi ne zai shimfiɗa hanya don kawai ya kwashe ta?

Na gaya wa Baba, ya ce lallashinsa nake yi. Sai na zauna gabansa na kashe ɗigon da gangan sau uku, kowane karo yana zana kwanar farko a ƙasa da hannunsa. Zane uku, ba wanda ya yi kama da wani. Ya daɗe yana kallo.

"Ashe ba ni na ba," ya ce. Ya yi dariya har da tari, washegari ya karɓi sandarsa.

Bayan damina biyu Inna ta kira ni. Maƙwabta sun tsinci Baba da rana tsaka a gonar wasu, ya fito daga masallacin Juma'a ya kasa gane gida. Na hau mashin na tafi. Na same shi a zaure, hankali kwance, yana cin gyaɗa. Ya dube ni, ya ga damuwa a idona.

"Kak ki damu, ɗiyata," ya ce. "Sun sake sauya hanyar. Ke kika nuna mini halinsu."

Inna tana tsaye a bakin ƙofa tana jiran in gaya masa gaskiya. Na zauna kusa da shi, na ɗebi gyaɗa.

"Haka ne, Baba," na ce. "Sun sauya."