Sai da na sa aka kashe AC a shagon kwamfuta

"Oga, don Allah kashe AC ɗin nan tukuna."

Mai shagon ya kalle ni kamar na ce ya rufe shagon gaba ɗaya. A Jimeta ne, da tsakar rana, na je sayen kwamfutar tebur. Katin biki da fosta nake zanawa a ɗakina a Yolde Pate, in na gama aiki kuma in buga gem ɗin ƙwallo.

Ya nuna min wata mai gilashi, fitilu kala-kala suna juyawa a ciki. Ya ce, "Adda, wannan ake yayi. Amma me ya haɗa AC da ciniki?"

Na ce, "Ɗakina rufin kwano ne, fanka ɗaya. Zafin bara ne ya kashe min laftof ina tsakiyar katin auren mutane. Ba zan sake tsayawa gaban uwar amarya ina ba da haƙuri ba."

Ya kashe. Na sa filashina, na buɗe aikina mafi nauyi, na kunna gem a kai. Muka zauna muna ta zufa ni da shi.

Ba a jima ba mai fitilun ta fara ƙugi, hoto yana maƙalewa. Muka gwada wata baƙa da ke lungu, ba kyan gani sai manyan fankoki. Ko gezau.

Ita na rungumo a keke napep har gida.

Duk abin da zai zauna da ni a Yola, sai ya iya zafin Yola. Ku fa, wace na'ura rana ta taɓa kashe muku?