Yaron da Ya Tsaya a Bakin Taga

Ƙarfe biyar saura kwata na yamma daraktan kolej ɗinmu ya cire tabarau, ya ce sunayen sun ƙare ke nan. Na san lokacin domin agogon barandar ofis na ƙura wa ido, don kada in kalli fuskar yayana. A Madarounfa, ranar da sakamakon jarrabawar ƙarshen kolej ya fito, rabin gari ne ke taruwa a filin lakwal, wato makaranta, ana kiran waɗanda suka ci ɗaya bayan ɗaya, mata na guɗa. Ba a kira yayana ba, kuma karo na biyu ke nan. Ya kakkaɓe wandonsa kamar wanda ya tashi daga hira, ya bi hanyar tabki maimakon hanyar gida.

A lokacin ina aji na biyu a kolej, yarinya ce ni wadda ko baƙo ya gaishe ta sai ta ji harshenta ya yi nauyi. Aikina a gida wanki da wanke-wanke. Na san kowane kwano da inda ya lotsa, na san rigar kowa da inda aka yi mata faci. Abin da bakina ya kasa, idona ne ke yi.

Yayana ɗan fari ne, kuma kai ma, mai karatu, ka san abin da wannan ke nufi a gida irin namu. Inna ba ta taɓa kama sunansa ba. Ba ta kallonsa ido da ido, ba ta zama inda yake zaune. Idan tana son ya ɗebo ruwa, ni take ce wa, "Ki ce ma wancan randa ta yi ƙasa," ko da yana tsaye a gabanta. Kaka ce ta raine shi, ita ke kiransa angonta, tana tsokanarsa cewa ya cika rowa. To a shekarar ƙafafun Kaka suka ƙi, daga ɗakinta sai tabarmar gindin darbejiya, nan ma sai an riƙe ta.

Damina ta sauka, yayana ya yi noma kamar kowa, sai dai yakan ɗauki kunyar gonar da ta fi nisa da mutane. Idan aka tashi daga gona ya wuce bakin tabki, ya zauna ƙarƙashin wata kuka yana kallon masunta har rana ta faɗi. Sannu a hankali ya daina zama a kwanon maza da ake ci a ƙofar gida bayan magariba. Baba ya yi haƙuri, ya aika a kira shi, ya sake aikawa. Ran nan ya shigo tsakar gida, ya yi magana yadda kowa zai ji.

"Wanda ya fi ƙarfin kwanonmu, kada a ƙara aje mashi komi."

Amma washegari da na je ɗebo ruwan wanke-wanke, sai na ga wani shuɗin kwanonmu mai tsagaggen baki a bayan randa, babu komai a ciki sai shafin miya, faifai a gefensa. Haka na ci gaba da samunsa kowace safiya. Na ɗauka Kaka ce ke sa Gwaggo ta ajiye wa yayana tuwo, domin Gwaggo, ƙanwar Baba, tana zaune tare da mu tun rasuwar mijinta. Nakan wanke kwanon da sauri in cusa shi cikin sauran, ina waiwaye duk lokacin da na ji tarin Baba kusa da madafa.

Da aka koma lakwal bayan damina, madam ɗinmu, malamar Faransanci, ta kawo mana wani littafi. Kirista ce, daga Maradi take zuwa kowace safiya a kan kabu-kabu, da jakarta cike da littattafan da suka sha hannu. Ta ce wannan littafin ya girmi mahaifinta, kuma tun da aka buga shi masu karatu ke faɗa a kansa. Labarin wani yaro ne a wata ƙasa mai sanyi, shi ke ba da labarin da bakinsa. Kowace safiya yana fita da jaka kamar zai je lakwal, sai ya zarce bakin teku ya yini yana kallon jiragen ruwa. Kowa ya gundure shi. Ubansa da jarida yake hira, uwarsa kuwa ba ta da abin ce masa sai ko ya sa rigar sanyi. A ƙarshe ya samu jirgin da zai ɗauke shi, ya dawo da yamma ya tsaya a bakin tagar gidansu yana leƙen su suna cin abinci, kujerarsa babu kowa a kai. A nan littafin ya ƙare. Ba a faɗi ko ya shiga ba.

Na karanta shi har na kusa haddace wasu wurare, domin duk inda yaron ya yi shiru, muryar yayana nake ji. A aji kuwa gardama ta kaure. Ƴan maza suka ce ƙoshi ne ke damunsa, a kawo shi ya yi noman gero wuni ɗaya ya warke. Wata ƴar garin Sarkin Yamma da ke zama a bayana ta ce shi kaɗai ne mai gaskiya a littafin, sauran duk fuska biyu gare su. Wani ya ce ɓata takarda ne a rubuta littafi a kan mutumin da bai yi komai ba. Madam tana dariya, ta ce haka manyan masana ma suke, rabi na son su rungume shi, rabi na son su mare shi. Da ta juyo kaina, sai na sunkuyar da kai. Ni ba ra'ayi nake nema ba. So nake wani ya gaya mini ko yaron ya shiga.

Dalili kuwa shi ne abin da na fara gani a wanki. Farar rigar yayana ta Juma'a ta daina zuwa. Bayanta sai baƙin wandonsa, sai bargon da Kaka ta ba shi. Wata rana kaza ta yi ƙwai a ƙarƙashin rumbu, na durƙusa in ɗauko, sai hannuna ya taɓa jaka. Ban buɗe ba, na san abin da ke ciki.

Kada ka ce tafiya wani abin tsoro ce a wajenmu. Da an gama girbi samari na tafiya cin rani Najeriya, daga Gabi, daga garinmu, daga ko'ina. Amma da rana ake tafiya. A durƙusa gaban uba, a bi ɗaki ɗaki a yi sallama, a sa wa mutum albarka, shi ya sa ruwan farko ke dawo da su. Wanda ya ɓoye jakarsa a ƙarƙashin rumbu wata tafiyar yake shiri, irin wadda ake shekaru ana tambayar direbobi ko sun gan shi. Ranar kasuwar Ɗan Issa na matsowa, ranar da motoci ke cika tasha babu mai lura da wanda ya hau. Abinci ya daina shiga mini. In gaya wa Baba, na san faɗa zai yi, faɗan kuma shi zai ƙarasa tura yayana. In gaya wa Inna, da wane baki, tunda maganar ɗan fari ba a yin ta da ita? Yayana kansa na tsaya a gabansa har sau biyu, na buɗe baki, na ƙare da cewa an kira salla.

Har yau idan na ji ƙamshin sabuwar gyaɗa, mai ɗan warin ƙasa, sai ranar ta dawo mini, domin a kan ɓarar gyaɗa abin ya faru. Bayan la'asar ne, jajibirin kasuwar. Muna zaune gindin darbejiya, ni da Inna da Gwaggo da Kaka, littafin yana kan cinyata a ƙarƙashin faifai. Ta ɓular zana ina hango ƙafafun yayana, yana zuba wa awaki harawa a bayan danga.

"Wai wanga littafi da kike rungume da shi kamar jinjiri, mi ke cikinshi?" in ji Gwaggo.

Ban san inda na samu ƙarfin hali ba. Na fara ba su labarin da Hausa, na ɗaga murya fiye da yadda na saba. Ƙafafun da ke bayan zana suka daina motsi.

Ina kai ƙarshe, Gwaggo ta cafe. "Bulala ya rasa. Ana ciyar da kai, ana tufatar da kai, ka tafi kana kallon ruwa? Ruwan ubanka ne?"

"Shina da kaka?" Kaka ta tambaya.

"Babu kaka a littafin," na ce.

"To ai shi ke nan. Yaron da ba shi da tsohuwar da za ta zage shi da safe, dole ya lalace. Ku aiko mani shi, na gaji da wannan angon nawa marowaci."

Ana cikin haka Baba ya shigo ɗaukar buta. Gwaggo ta maimaita masa labarin a gurguje, da ƙarin gishirinta. Ya ɗan tsaya, butar na hannunsa, ya ce shi bai ga laifin uban ba. "Kullum shina zaune wurin cin abinci, ina kuma ake son a same shi? Yaro ke zuwa wurin uba." Ya faɗi haka ba da fushi ba, kamar mai gajiya, sannan ya tsaya daga bakin zaure bai ƙarasa fita ba.

Inna kuwa ɓararta kawai take yi, ƙas, ƙas, kanta a ƙasa. Na dube ta, na ji haushinta ya taso mini, irin haushin da na ji wa uwar cikin littafin. Sai na ji bakina ya ce, "Inna, ke ba ki ce komi ba."

Gwaggo ta harare ni. Inna ba ta ɗago ba, ta ce:

"Wa ya ba da labarin, yaron ko uwar?"

"Yaron."

"To abin da ya gani ya faɗi. Uwar da ke tambayar ko an sa rigar sanyi, wataƙila iyakar abin da aka bar mata ta faɗi ke nan." Ta watsa ɓawo a ƙwarya. "Kin ce kujerarshi na nan babu kowa. Gidan kuma kin ce babu kaka. To wa ke aje kujerar kullum?"

Kaka ta yi wata ƴar dariya ta ce, "Ni dai ƙafata rabonta da madafa tun kafin shuka." Gwaggo ta juya ta dubi Inna da mamaki. A nan na gane hannun da ke rufe shuɗin kwanon nan da faifai, kuma na tabbata wanda ke bayan zana ya gane tare da ni. Baba ma ya ji. Bai juyo ba.

Sai na yi tambayar da ta hana ni sukuni tun da na rufe littafin. Na ce, "Inna, a ganinki zai shiga?"

Kafin in gaya maka amsarta, bari in faɗi abin da ya biyo baya. Yayana bai je tasha washegari ba. Da magariba ya zauna a kwanon maza, can gefe, Baba ya tura masa ɓangaren da ya fi miya ba tare da ya dube shi ba. Ya tafi cin rani daga baya tare da sa'o'insa, da rana tsaka, bayan ya durƙusa a ƙofar ɗakin Inna ta sa masa albarka daga ciki. Ruwan farko ya dawo da shi.

Yanzu ina karatu a Maradi. Kwanan baya na ga mutane a salula suna gardama a kan littafin nan, daga ƙasashe daban-daban, wasu na cewa ya ceci ƙuruciyarsu, wasu na cewa yaron sangartacce ne mai yawan ƙorafi. Na karanta da yawa, ban ga wanda ya tambayi wa ke ajiye kujerar ba. A gida kuwa abubuwa sun sauya. Kaka ta rasu. Matar yayana tana kiran ɗanta na fari da sunansa tun daga ƙofar gida, tana ɗaukarsa hoto tana sumbatarsa a gaban kowa, Inna na girgiza kai tana cewa zamani ya ƙare. Wani lokaci ina ganin hakan ya fi, domin yaron ba zai taɓa tsayawa bayan zana yana jiran a yi maganarsa da sunan wani ba. Wani lokaci kuma sai in ji tsoro, ko za a sake samun masu iya jin magana irin ta Inna, wadda har yau ba ta kama sunan yayana ba.

A ranar dai ba ni ta kalla ba, ba ta kuma kalli zana ba. Ta ɗauki wata gyaɗar ta matsa, ta yi magana a hankali, yadda take aike na.

"Ni ban san na Turawa ba. Amma ki ce ma yaron littafinki ya shigo ta ƙofa. Na gaji da kai tuwo bayan randa."