Ƙullin Ƙarya a Dardumar Zarrin

Zarrin, Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa karɓar ulu ba sai ta jiƙa farin ƙyalle ta goga a kai. In ƙyallen ya ɗauki launi, ta mayar wa marini kayansa. In an ce siliki ne, ta ƙona zare ɗaya ta shinshina. Tana shekara bakwai aka ɗora ta kan bencin saƙa a ƙauyensu kusa da birnin Kashan, ta yi shekara hamsin da biyu a kai, ba ta yarda da kowa ba sai yatsunta. Ko baƙunci ta je, kafin a kawo shayi ta riga ta ɗaga gefen dardumar masu gida ta leƙa bayanta. Ta ɓata wa mutane da yawa rai. Amma dillalan Kashan sun san in aka ce aikin Zarrin ne, ba sai an juya an ƙirga ƙulli ba. Wannan sunan shi ne dukiyarta.

Dardumarta ta ƙarshe su uku suka hau: ita, da aminiyarta Shokat, da matar ɗanta Nayyire. A wata na bakwai da fara aikin, wata safiya ta leƙa bayan saƙar ta ga ƙullin ƙarya. Wani hannu ya ɗaure ulu a kan zare huɗu maimakon biyu. Aiki kan yi sauri haka, fuskar darduma ta yi kyau, amma bayan 'yan shekaru wurin ya sake.

"Nayyire, saurin me kike yi? Tuwonki na kan wuta ne?" in ji Zarrin.

"Inna, ni ko numfashi zan yi sai na duba fuskarki."

"Ke fa, Shokat? Tsufa ya fara koya miki sata?"

"Shekara arba'in ina zaune kusa da ke," in ji Shokat, "da sata zan yi, da na fara da bakin nan naki."

Zarrin ba ta yi dariya ba. Wurin ƙullin ya faɗa daidai iyakar rabonta na saƙar da na Nayyire, ba a iya cewa ga mai shi. Sai ta sauya musu wurin zama, ta koma gefen dama, ta sa Shokat a tsakiya. Bayan kwana biyar ƙullin ƙarya ya fito a dama.

Ta ce lallai wata ke taɓa mata rabo in ta tashi salla. Ta fara kulle ɗakin saƙa da azahar, makulli a wuyanta. Ta daina cin abinci da su. Shokat ta kawo mata gurasa da cuku, ta ture. Nayyire tana saƙa tana share ido da gefen mayafi.

Ranar Talata Zarrin ta sallame su, ta zauna ita kaɗai ta yi layi uku a hankali. Ta leƙa baya. Ƙullin ƙarya yana nan. Yatsun da suka daɗe suna mata sanyi da safe sun daina rarrabe zare biyu da huɗu.

Ta kira Shokat. "Tun yaushe kika sani?"

"Tun watan Safar."

"Kika bar ni ina zagin yarinya?"

"Ita ta roƙe ni in yi shiru."

Da Haji Nosrat dillali ya zo ganin darduma, ya shafa fuskarta ya ce a naɗe. Zarrin ta ce, "Juya ta, Haji."

"Haba, Zarrin, taki ce fa."

Ta juya da kanta, ta ɗora masa yatsa a wurare huɗu. Ya ce wallahi shi da bai gani ba. Ta dube shi ta ce ko ƙarya yake don tausayi, ko shi ma bai san aikinsa ba. Ta hana a sayar da ita da sunanta.

Daga ranar ba ta sake ɗaura ƙulli ba. Takan zauna a ƙarshen benci riƙe da takardar zane, tana kira wa Nayyire launi, ja biyu, shuɗi uku. Haka ta yi shekara biyu. Ta rasu a sanyin bara, kuma har yanzu Shokat ba ta iya zama a ƙarshen bencin nan.