Ranar da Kawu Ya Ƙi Cewa I

Na daɗe ina aikin jinya, na ga abubuwa iri-iri, amma ranar da aka leƙa maƙogwaron kawuna da kyamara ba za ta taɓa fita daga raina ba. Har yau in na tuna sai in yi dariya ni kaɗai, daga baya kuma in ji kunyar kaina.

A shekarun da Kano ba ta zaune lafiya ne, lokacin da bama-bamai ke tashi, ko'ina shingen sojoji, ga dokar hana fita da yamma. Ina aiki a wani ƙaramin asibiti kusa da Ƙofar Ruwa. Akwai wani likitan maƙogwaro da ya saba zagaya asibitocin ƙauye da wata na'ura a cikin akwati. Siririyar roba ce mai fitila da kyamara a bakinta, a zura ta ta hanci, cikin maƙogwaro ya fito a allo kamar talabijin. Da ya gaji da yi wa sojoji bayanin akwati mai wayoyi, sai ya ajiye ta a wurinmu, mutanen ƙauye suka riƙa zuwa duk Talata. Ni aka ba aikin taimaka masa, ina ta rawar kai kamar ni na ƙera ta.

Kawuna, yayan mahaifiyata, shi ne ladanin ƙauyensu tun kafin a haife ni. Sai muryarsa ta dushe, wata da watanni. Wanzami ya ce beli ne, ya yanke, kawu ya zubar da jini ba kaɗan ba, murya kuma ba ta dawo ba. Har jama'a suka sa wani ya riƙa kiran salla, wai kafin ya warke, kuma kawu ya san inda maganar ta dosa. Na yi ta aike har ya yarda ya zo gidanmu a Koki. Sharaɗinsa ɗaya ne: wuƙa ba za ta ƙara kusantar wuyansa ba.

Ranar Talata na zaunar da shi a kujera ina ta cika baki. Likita ya fesa masa maganin kashe zafi a hanci, ya zura robar a hankali. Sai ga maƙogwaro a allo, ja jawur, da wasu 'yan tsokoki biyu farare suna buɗewa suna rufewa. Su ne ke fitar da murya, kuma sai mutum ya ja sauti ake ganin yadda suke haɗuwa.

Likita ya ce, "Baba, ka ce iii."

Kawu ya kawar da ido.

"Baba, iii. Ka ja shi."

Ko motsi. Na matsa kusa da kunnensa na ce, "Kawu, ka ce i mana!" Ya harare ni, hawaye na zuba saboda robar, ya datse baki. Ga layi a waje, ga mutane na son komawa ƙauye kafin a rufe hanya. Likita ya zare robarsa, ya ce in Baba bai yi sauti ba, shi ba abin da zai iya faɗa.

Raina ya ɓaci, ni kuwa dama bakina ba ya jira. Na ce, "Haba Kawu, duk nisan da ka yi, a gaban likita za ka ba ni kunya?"

Ya dube ni, ya yi magana da wannan muryar da sai an kasa kunne. "'Yar nan, in ce i ga me? Kun sa mini abu a hanci, kun tsaya a kaina, ba wanda ya tambaye ni komai, sai dai in ce i. In na faɗa, ai na yarda a yanka ni ke nan."

Sai a lokacin na gane. Mu sauti muke nema, shi kuma amsa yake ji ana nema, amsar da ya rantse ba zai bayar ba.

Likita ya ja kujera ya zauna, ya yi masa bayani dalla-dalla, ya ce yau kallo kawai za a yi. Sannan ya ce, "Baba, ba sai ka ce i ba. In liman na addu'a, yaya kake amsawa?"

"Amin."

"To ita nake so, irin ta ladanai, mai tsawo."

Ya mayar da robar, ya ce, "Allah ya ba ka lafiya."

"Amiiin."

Tsokokin nan suka haɗu a allo, na kusa yin tsalle. Likita ya ci gaba, "Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya." Kawu ya ja amin, sai muka ji masu jiran layi ma sun amsa daga waje gaba ɗaya. A amin ta uku likita ya nuna da yatsa. Wani ɗan ƙari ne kamar ƙwayar dawa a gefen tsoka ɗaya, shi ya hana su rufuwa.

Aka juya wa kawu allon, aka maimaita masa hoton. Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Wannan ɗan abin ne ya raba ni da masallaci?" Likita ya ce shi ne, za a cire a babban asibiti ta baki kawu yana barci, ba a tsaga wuya, a kuma gwada shi don a tabbatar ba mugu ba ne. Kawu ya yi tambaya har sau biyar, likita bai gaji ba. Can ya gyara hularsa ya ce, "To likita, yanzu na ce i."

An yi aikin, ƙarin bai zama mugu ba, kafin azumi kawu ya koma bakin lasifikarsa.

Abin da na koya shi ne, yawancin waɗanda muke kira masu taurin kai tsoro ne ya riƙe su, mu kuma sauri ya hana mu tambaya. Tun ranar ban ƙara ce wa majinyaci ya ba ni kunya ba. In ya ƙi, sai in ja kujera in zauna, in tambaye shi abin da ya ji na ce.